Dutse Mai Rai: Darasi Ga Mai Son Ƙara Kwamin Kifi

Gabatarwa

Mai kiwon tarwaɗa a Kankiya ko Kusada, idan Allah ya sa wa sana'arsa albarka, yakan yi sha'awar gina kwami babba don ya kwashe kifinsa daga ƙarami. Sai ya wanke sabon kwamin tas, ya cika shi da ruwan rijiya garai-garai, ya zuba kifi. Bayan 'yan kwanaki sai ya ga sun daina cin abinci, wasu ma sun fara mutuwa, alhali a tsohon kwamin mai gansakuka suna nan lafiya lau. Amsar wannan al'amari tana ga waɗansu halittu da ido ba ya gani, kuma masu kiwon kifin teku a akwatunan gilashi sun daɗe da sanin sirrinsu.

Dafin da kifi ke fitarwa

Kifi yakan fitar da wani sinadari mai suna amoniya, galibi ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. Ragowar abinci da kashi ma idan sun ruɓe amoniya suke bayarwa. Ƙarfin dafinta ya dogara ga zafin ruwa da kuma ma'aunin tsami da kanwa, wato pH. A zafin digiri 25, idan ma'aunin yana kan 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniyar ne ke cikin siffarta mai dafi. Idan ya kai 8 sai ya haura kashi 5, idan kuwa ya kai 9 sai ya wuce sulusi. Sabon siminti yana sakin sinadarin kanwa cikin ruwa, saboda haka sabon kwami kan ƙara wa amoniya kaifi, balle a zafin bazara.

Ma'aikatan ɓoye

A shekarar 1890 masanin nan haifaffen daular Rasha, Sergei Winogradsky, ya bayyana waɗansu ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa a kan wannan dafi. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, sukan mayar da amoniya zuwa naitirayit. Shi ma dafi ne, domin yakan shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Rukuni na biyu sukan mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, kuma taki ne ga shuka. An daɗe ana jingina wannan aiki na biyu ga Nitrobacter, amma binciken da aka buga a 1998 ya nuna Nitrospira ce ta fi yin sa a akwatunan kifi. A 2015 kuma aka gano waɗansu nau'o'inta masu iya yin matakan biyu su kaɗai.

Abubuwa biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na ɗaya, waɗannan ƙwayoyi manne suke a jikin duwatsu da bango da matatar ruwa, kaɗan ne ke yawo cikin ruwan. Na biyu, hayayyafarsu tana da nawa ƙwarai. Wata bakteriyar takan ninka kanta cikin minti 20, su kuwa sukan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci fiye da yini guda. Wannan ne ya sa sabon kwami ke bukatar kimanin mako 4 zuwa 6 kafin su wadata a cikinsa, kuma sanyin hunturu yana ƙara tsawaita lokacin.

Abin da ake nufi da dutse mai rai

Masu ajiye kifin teku a Turai da Amurka sukan haɗa ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, su jera masa gutsattsarin tsohon murjani mai ƙofofi birjik, wanda bakteriya da ƙananan halittu suka mamaye. Shi suke kira dutse mai rai. Ba sa saka shi kai tsaye, domin wasu halittun jikinsa sukan mutu a hanya su ruɓe. Sai su jiƙa shi a wani mazubi daban mai ruwan gishiri da ke motsi, suna goge ruɓaɓɓen, suna sauya ruwa, suna aunawa. Da fari amoniya za ta hau ta sauka, sa'an nan naitirayit ya hau ya sauka. In duka biyun sun koma sifiri, dutse ya nuna. Haka nan idan za su koma babban akwati, sukan ɗauki tsofaffin duwatsun a jiƙe, don kada ma'aikatan su bushe su mutu.

Yadda za mu amfana

Ko da yake ba mu da teku a Jihar Katsina, ƙa'idar ɗaya ce.

Da farko, a jiƙa sabon kwamin siminti, ana sauya ruwan har ma'aunin pH ya daidaita tsakanin 6.5 da 8.

Na biyu, a ɗebo tsakuwa ko soson matata daga tsohon kwami mai lafiyayyun kifi, a kai su sabon a jiƙe. Kada a wanke su da sabulu ko ruwan famfo mai sinadarin kulorin, kada kuma a shanya su a rana.

Na uku, a riƙa motsa ruwan. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, amma bakteriyar na bukatar oksijin kusan giram 4 da rabi don sarrafa giram 1 na naitirojin ɗin amoniya.

Na huɗu, a kwashe kifin kaɗan-kaɗan, a rage abinci a makonnin farko, a bar tsohon kwami yana aiki har sabon ya kankama. Idan gwaji ya nuna amoniya ko naitirayit sun hau, a sauya wani ɓangare na ruwan. Gishirin miya kaɗan yana rage shigar naitirayit cikin jinin kifi, kuma shi ne dalilin da ya sa dafin ba ya yi wa kifin teku illa sosai. Ruwan da aka zubar kuwa a kai shi ga lambu.

Kammalawa

Garai-garai ɗin ruwa ba ya nuna lafiyarsa, sai an auna ake sani. Wanda ya ɗauki tsakuwar tsohon kwami ya kai sabo, ya kuma jira mako shida, ya tsare jarinsa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse ya sha romonsa.