Idan Manhaja Ta Ƙi Sauri Duk Da Ƙarin Zare

Sau da yawa mai rubuta manhaja kan raba aiki ga zare (thread) takwas masu gudana lokaci guda, yana sa ran sauri ya ninka takwas, sai ya tarar da ƙyar ya ninka biyu. Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, auna tukuna. A Linux akwai perf, a Go akwai pprof, a Java kuwa jstack zai nuna maka abin da kowane zare ke yi a daidai lokacin. Idan yawancinsu na tsaye suna jiran makulli (lock) ɗaya, wanda zare ɗaya kaɗai ke iya riƙewa a lokaci guda, ka gano inda gizo ke saƙa. Tamkar famfo ɗaya ne a unguwa: ƙarin 'yan garuwa layi kawai yake tsawaitawa.

Rage abin da ake yi bayan an kulle. Kada zare ya riƙe makulli yana jiran amsa daga intanet ko faifai. Ya saki, ya jira, sannan ya dawo. In da hali, kasa bayanan da makullin ke karewa gida-gida, kowane da makullinsa.

Akwai kuma iyaka. Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa sashen da dole a yi bi da bi shi ke taƙaita komai: in ya kai kashi 10 cikin 100, ko injin nawa ka zuba, saurin ba zai wuce ninki 10 ba.

Wata matsalar ta fi ɓuya. Furosesa na ɗauko bayanai a dunƙule, yawanci bayit 64. Zare biyu da ke rubutu a wurare daban amma cikin dunƙule ɗaya za su yi ta ƙwace shi daga juna, alhali babu makulli ko ɗaya. Nisanta wuraren, ka sake aunawa.