Awon CD4: Shaidar da ke Jikin Sojojin Jini

Mai karatu, idan likita ya rubuta CD4 a katinka, ga abin da yake nufi.

A cikin jininka akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Ko a madubin likita, da yawansu kamarsu ɗaya. To, yaya ake rarrabe su? Kamar yadda dattawa ke gane Bagobiri da zanen fuskarsa, haka kowace ƙwaya take da shaida ta furotin a fatarta.

A ɓargo ake haifar su. Wasu sukan tafi wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimus, su yi koyo. Suna ɗanyu, shaida biyu gare su, CD4 da CD8. In sun ƙosa sai su yar da ɗaya, su fito cikin jini da ɗaya. Masu CD8 suna kashe ƙwayar da cuta ta shiga. Masu CD4 su ne ke kiran sauran zuwa yaƙi. A ɗakin awo ana zuba wa jinin wani rini mai manne wa shaidar CD4, na'ura ta ƙirga.

Wannan shaida ita ce ƙofar da ƙwayar cutar HIV ke bi ta shiga. An gano haka a 1984. Mai lafiya yakan sami 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin ɗigon jini. In suka gaza 200, tarin fuka da sanƙarau sun sami hanya, ko da mutum yana jin ƙarfinsa. A dā sai lambar ta faɗi ake fara magani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa kowa, ba jira.

Mai niyyar ci-rani, saurara. Samarinmu da yawa suna bin Agadas zuwa Sabha a Fezzan, kudancin Libiya, kuma maganin da ya ƙare a hanya ba lalle ba ne a sami madadinsa. Kafin ka tashi, gaya wa ma'aikacin asibiti, ka roƙi maganin watanni, ka riƙe katinka, kada ka bar kwalbar a rana.

In ka dawo bayan ka yanke shan magani, kada kunya ta sa ka ɓoye. Faɗi watanni nawa. Za a sake awon CD4. In ya gaza 200, za a duba tarin fuka, a haɗa maka da Septrin.