Yadda Ake Haɗa Kwamfutocin Gida Ba da Waya Ba

Gidan hakimi ba ya rabo da jama'a: ga iyali, ga malamai, ga baƙi a masauki, ga masu kawo gaisuwa da ƙara a zaure. Yanzu kuwa a gidaje da yawa ana samun kwamfuta biyu ko uku, ɗaya ta magatakarda wadda yake rubuta wasiƙu da lissafi a cikinta, ɗaya ta 'yan makaranta, ban da wayoyin hannu. Idan aka ce kowace sai an saya mata data dabam, kuɗi za su tafi da yawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sayi na'ura guda ta karɓi intanet ta rarraba wa sauran. Wannan darasi zai bayyana yadda ake kafa ta, da yadda ake tsare ta.

1. Na'urar da aikinta

Sunan na'urar rauta. Ɗan akwati ne wanda intanet ke shigowa cikinsa, ko ta waya daga kamfani, ko ta katin sim irin na MTN ko Airtel ko Glo. Daga nan sai ya watsa ta cikin iska kamar yadda gidan rediyo ke watsa magana. An tsara ƙa'idar wannan hanya a 1997, aka raɗa mata suna Wi-Fi a 1999.

Yawancin rautocin zamani suna watsawa a kan zango biyu, watau gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farko ya fi tafiya nesa, ya fi ratsa bango, amma bai kai na biyu sauri ba. Saboda haka kwamfutar da ke kusa a sa ta kan 5, wadda ke can cikin gida kuwa a sa ta kan 2.4.

2. Inda za a ajiye ta

A nemi ɗakin da ke tsakiyar gida, a ɗora ta kan kanta ko a rataye ta jikin bango. Kada a ajiye ta ƙasa, ko cikin akwatin ƙarfe, ko bayan firiji, domin ƙarfe yana tare saƙon. Katangar ƙasa mai kauri da ginin siminti su ma suna rage masa ƙarfi. Idan gida babba ne, mai sassa da yawa, sai a ja waya zuwa sashen da ke nesa a sa wata rauta a can. A kiyaye ta daga rana da ƙurar hunturu. Ba ta cin wuta da yawa, ƙaramin batir ko faifan sola ya isa ya riƙe ta sa'ad da aka ɗauke lantarki.

3. Yadda ake saita ta

Da fari a duba 'yar takardar da ke manne a ƙarƙashinta. A nan kamfani ya rubuta sunanta, da kalmar sirri, da adireshin shiga, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. A kunna ta, a haɗa kwamfuta ɗaya da ita, a buɗe manhajar shiga intanet, a rubuta adireshin. Shafin saiti zai bayyana. Sa'an nan a yi waɗannan abubuwa bi da bi:

Na ɗaya, a sake kalmar sirrin shugabanci, watau wadda ake shiga shafin saitin da ita.

Na biyu, a sake sunan da rauta ke watsawa, amma kada a sa sunan mai gida ko sarautarsa.

Na uku, wajen zaɓen kulle a ɗauki WPA3 na 2018, in babu shi a ɗauki WPA2 na 2004. Kada a yarda da WEP, gama tun 2001 masana suka nuna ana iya karya shi.

Na huɗu, a sa kalmar sirrin shiga. Ƙa'ida ba ta karɓar ƙasa da haruffa 8, amma gara a haɗa kalmomi huɗu ko biyar da lambobi. Lambar waya da ranar haihuwa ba su dace ba, domin kowa na iya cankarsu.

Na biyar, a kashe WPS, domin an gano rauninsa a 2011. Bayan haka a adana saitin, a haɗa sauran kwamfutoci da sabuwar kalmar.

4. Dalilin wannan tsanani

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada kalmomin sirri wajen 60 waɗanda kamfanoni suka saba sawa. Da wannan kaɗai ta kame dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori waɗanda masu su ba su sake kalmar ba. Ran 21 ga Oktoba na wannan shekara aka yi amfani da su aka auka wa kamfanin Dyn na Amurka, har jama'a da yawa suka kasa buɗe Twitter da Netflix. Yawancin masu na'urorin ba su ma san an yi aiki da kayansu ba.

Har wa yau, tun Disamba 2020 gwamnatin Nijeriya ta umurta a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai shi. Watau in wani ya shiga rautar gida ya yi zamba, sunan mai layin za a fara gani. Wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne ga wanda aka ba amanar ƙasa.

5. Baƙi da yara

Hana baƙo abin da ya roƙa ba halin gidan sarauta ba ne. Maganin wannan shi ne a buɗe hanyar baƙi, wadda yawancin rautoci ke da ita. Tana da nata suna da tata kalmar sirri, tana kai mutum intanet, amma ba ta kai shi ga kwamfutocin gida. Ita za a riƙa bai wa masu zama a zaure, a kuma riƙa sake kalmarta in baƙi sun watse.

Kwamfutar da mutane da yawa ke taɓawa kuwa, a buɗe wa kowa nasa asusu a cikinta. Mai gida ko magatakarda kaɗai zai riƙe asusun shugabanci, don kada yaro ya sa manhajar da ba a sani ba, ko ya goge takardar da aka yi mako ana rubutawa. Takardun ofis, kamar na iyakar gonaki da rabon gado, kada a sa su cikin abin da ake rabawa tsakanin kwamfutoci. A ajiye kwafinsu a wani faifai dabam a kulle.

6. Aikin magatakarda

Lalle ne a ɗora wa mutum ɗaya kula da rauta. Ya rubuta kalmomin sirri a littafi ya adana tare da takardun hakimi. Kowane wata ya shiga shafin saiti ya ƙirga na'urorin da ke haɗe. In ya ga wadda bai sani ba, ya sake kalmar nan take. Ya duba kuma ko kamfani ya aiko da sabunta manhajar rauta, ya sa. Haka nan duk ran da wani ma'aikaci ya bar gidan, a sake kalmar kafin rana ta faɗi.

Ana fata hakimai za su sa a karanta wa dagatai wannan bayani a taronsu na gaba, domin su ma su bi shi a gidajensu.