Rasuwar Wa da Ƙamusun Ƙane: Gidan Robinson da Nazarin Hausa, 1891–1925

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanci tarihin nazarin Hausa ya san jerin sunayen nan: Schön, Robinson, Mischlich, Bargery da Abraham. Akan haddace su tare da shekarun littattafansu saboda jarrabawa, amma ba safai akan tsaya a tambayi abin da ya jawo kowannensu ga harshen ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki mutum ɗaya daga cikinsu, wato Charles Henry Robinson (1861–1925), ta nuna cewa zuwansa Kano da ƙamusun da ya biyo baya sun samo asali ne daga wata rasuwa da aka yi a gidansu, da kuma yadda addinin mutanen gidan ya koya musu su karɓe ta. Za a dubi gidan da mamacin, sannan zaman ƙanensa a bakin Jakara, daga bisani a auna abin da suka sa rai da shi da abin da ya tabbata.

2.0 Gidan da Mamacin

Mahaifinsu, George Robinson, limamin cocin Angalika ne a garin Keynsham a Ingila, daga baya ya koma Libaful. An haifa masa 'ya'ya goma sha uku, kuma da dama cikin mazan sun gaji aikinsa. Joseph Armitage ya shugabanci majami'ar Westminster daga 1902 zuwa 1911, Forbes ya koyar a Jami'ar Kambirij, 'yar'uwarsu Cecilia ita ma ta yi hidimar coci. Gida ne na malanta, irin wanda a ƙasar Hausa za a ce karatu gado ne a cikinsa.

John Alfred, wanda aka haifa a 1859, shi ne ya fuskanci Afirka ta Yamma. Ya yi karatu a Kambirij, ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S., ya zama sakatarenta a yankin kogin Kwara. A 1890 shi da wani matashi mai suna Graham Wilmot Brooke suka jagoranci wata ƙaramar tawaga suka zauna a Lakwaja, da niyyar su koyi Hausa sannan su nausa arewa. Sun sa riga da rawani, sun kuma bayyana cewa ba su neman kariyar gwamnatin Ingila idan sun shiga ƙasar Musulmi. John Alfred ya duƙufa kan harshen, har ya fassara Linjilar Matiyu. Amma bai taɓa ganin ganuwar Kano ba. Ciwo ya kama shi, ya rasu a Lakwaja cikin Yuni 1891, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Brooke ya bi shi cikin Maris 1892, tawagar ta watse.

Adalci ya wajabta a faɗi wani abu a nan. John Alfred yana cikin matasan Turawan da suka tsananta suka ga ma'aikatan mishan baƙar fata da ke ƙarƙashin Bishof Samuel Ajayi Crowther, rikicin da ya kai maƙura a 1890, ya kuma baƙanta ran dattijon har ya rasu a ƙarshen Disamba 1891. Saboda haka mamacin da danginsa suka yi juyayi mutum ne mai himma da sadaukar da kai, mai kuma zafin hukunci a kan waɗanda suka riga shi aikin.

3.0 Bege: Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu

Kafin a ci gaba, ya kamata a tsaya a kan wata kalma. A Hausar yau da kullum, bege shi ne ɗokin wanda ba ya nan, kamar yadda uwa ke begen ɗanta da ya tafi fatauci, daga nan kuma aka sami waƙoƙin begen Annabi. Amma Kiristocin da ke ibada da Hausa sun ɗora wa kalmar wata ma'ana: a wurinsu bege, ko sa zuciya, shi ne jiran alkawarin Allah da tabbacin zai cika. Ma'anonin nan biyu sun haɗu a gidan Robinson bayan 1891, domin suna begen ɗan'uwansu da ma'ana ta farko, suna kuma riƙe da bege da ma'ana ta biyu.

Koyarwar da suka tashi a cikinta tana da sassa biyu da suka shafi wannan al'amari. Na farko, Kirista ya yi imani cewa Almasihu ya mutu ya kuma tashi, tashin nan nasa shi ne jinginar tashin mabiyansa, don haka rabuwa da mamaci ta ɗan lokaci ce. Na biyu, akwai misalin ƙwayar hatsi da ke cikin Linjilar Yahaya, wadda sai an binne ta take ba da amfani. 'Yan mishan na ƙarni na 19 sun riƙe misalin nan ƙwarai, domin zazzaɓi yana kashe su a gaɓar Afirka ta Yamma tun ba su yi aikin kirki ba, kuma da shi suke fassara kaburburan 'yan'uwansu. A bisa wannan fahimta, aikin da mamaci ya bari rabi amana ce a wuyan masu rai. Wannan sashe na biyu shi ne ya shafi tarihin nazarin Hausa kai tsaye.

Ba a daɗe da rasuwar ba sai aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna Hausa Association domin tunawa da John Alfred, da nufin ciyar da nazarin harshen Hausa da mutanensa gaba. Cikin manyanta har da Sir George Goldie, shugaban kamfanin Turawa da ke riƙe da cinikin kogin Kwara. Ƙungiyar ta nemi wanda za ta tura ya koyi harshen a gidansa, wanda aka zaɓa kuwa shi ne ƙanen mamacin, Charles. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Charles ya fara zama a Tarabulus da Tunis a 1893, inda akwai Hausawa fatake da alhazai da 'yantattun bayi, sannan ya biyo ta teku ya shigo kogin Kwara, ya ratsa Lakwaja inda wansa yake kwance.

4.0 A Bakin Jakara

Daga Loko a bakin Binuwai, Charles da abokan tafiyarsa biyu, ɗaya daga cikinsu likita ne mai suna T. J. Tonkin, suka bi ta Keffi da Zariya, suka shiga Kano ranar 23 ga Disamba 1894. Lokacin bai yi wa baƙo daɗi ba. Yaƙin Basasa, wanda ya ɓarke bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, bai gama lafawa ba: Alu ya riga ya shiga birni ya hau gado, Tukur kuwa yana waje da sauran magoya bayansa, sai cikin Maris 1895 aka ci shi da yaƙi ya rasu. Cikin wannan yanayi baƙin suka yi kimanin wata uku a birni.

Zuciyar birnin a wancan zamani ita ce Jakara da kasuwar Kurmi da ke gefenta. Littafin Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara tun zamanin maguzawan Dala, ya kuma danganta kafa kasuwar ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Barth, wanda ya zo a 1851, ya bayyana yadda ruwan nan ya raba gari, ya kuma ɗora masa alhakin yawan zazzaɓi. Ga mai farautar kalmomi babu wurin da ya fi nan. A rumfunan Kurmi ake jin sunayen tufafi da na rini, da kalmomin 'yan goro daga Gwanja, da na masu gishiri da kanwa daga hamada, da ƙidayar wuri zambar-zambar, da karin harshen Kanawa gefe da na Katsinawa da Zazzagawa da Sakkwatawa. Charles ya bayyana kasuwar dalla-dalla a littafin tafiyarsa, Hausaland (1896), inda ya kimanta mutanen birnin da wajen 100,000, alhali Barth ya ce 30,000. Ya kuma yi dogon bayani kan cinikin bayi da ya gani. Shi kuwa Tonkin ya duba kutare masu yawa, ya yi rubutu a kan cutar bayan ya koma.

Abin lura shi ne Charles bai kafa coci a Kano ba, bai kuma bar mabiya ba. Ya zauna da malamai, ya tara kalmomi, ya gyara fassara, ya nemi takardun ajami. Wato wanda ya zo cika burin ɗan mishan ya ƙare yana almajirin malaman birni, waɗanda sunayensu ba su hau bangon littattafan da aka buga ba, ko da yake iliminsu ne ke ciki.

5.0 Abin da Ya Koma da Shi

A 1896 Jami'ar Kambirij ta buga Specimens of Hausa Literature, mai ɗauke da waƙoƙi shida da wani guntun tarihin Zazzau, da hoton rubutun ajami, da juyi zuwa boko, da fassarar Ingilishi. Mafi yawan waƙoƙin na wa'azi ne da zuhudu. Jigoginsu sanannu ne ga ɗalibin rubutacciyar waƙa: ruɗin duniya, da zuwan mutuwa ba sallama, da kwanciyar kabari, da tashin ƙiyama, da hisabi, da fatan rahama. Ke nan mutumin da rasuwar wansa ta kawo shi ƙasar Hausa ya tarar da malamanta sun daɗe suna wa'azi a kan abin da ya taso shi. Addinan biyu sun saɓa a kan asalin lamarin, domin Musulunci bai karɓi cewa an gicciye Annabi Isa ba, amma sun haɗu a kan cewa kabari ba shi ne ƙarshe ba. Masana na baya, musamman Mervyn Hiskett, sun sake duba waƙoƙin nan, sun yi gyara a kan karatunsu da marubutan da aka danganta su gare su. Duk da haka littafin yana cikin na farko da suka nuna wa Turai cewa Hausa tana da rubutaccen adabi.

Sauran ayyukan suka biyo a jere. A 1897 ya fitar da littafin nahawu, a shekarar kuma ya fara koyar da Hausa a Kambirij. Juzu'in farko na ƙamusunsa, Hausa zuwa Ingilishi, ya fito a 1899 da taimakon W. H. Brooks, na biyu a 1900, aka yi ta sake bugawa da ƙari har bugu na huɗu a 1925, shekarar da ya rasu.

Yadda ya yi wa John Alfred haka ya yi wa wani ɗan'uwan. Da Forbes ya rasu a 1904, Charles ne ya tattara wasiƙunsa ya buga su da sunan Letters to His Friends, littafin da ya sami karɓuwa ƙwarai wurin masu karatun addini a Ingila. A 1909 kuma ya rubuta littafi sukutum a kan tashin Almasihu. Wannan ya nuna cewa abin da ya faru bayan 1891 ɗabi'ar gidan ce: idan ɗaya ya faɗi, na raye ya ɗauki takardunsa ya ƙarasa.

6.0 Abin da Aka Sa Rai da Abin da Ya Tabbata

Burin John Alfred shi ne Hausawa su karɓi addininsa. A Kano wannan bai samu ba. A 1900 tawagar Bishof Tugwell, wadda Dokta Walter Miller ke ciki, ta iso birni, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu a Girku. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, daga baya mishan ɗin ta koma Wusasa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a wurin ta'aziyya ba. Nahawu da ƙamusun Charles sun zama kayan aikin hafsoshi da joji-jojin da suka mallaki ƙasar bayan cin Kano a Fabrairu 1903, kuma bayaninsa kan cinikin bayi yana cikin irin hujjojin da aka kafa wa mamayar. Kasancewar Goldie a ƙungiyar tun farko ya isa ya nuna cewa juyayin gida ɗaya da bukatar daula sun bi hanya guda. Ta fuskar ilimin harshe ma aikin yana da giɓi: bai nuna karin sauti ba, kuma wata uku ba su isa a ƙoshi da harshe ba. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934, wanda shi ma da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar, shi ne ya maye gurbinsa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda rasuwar John Alfred Robinson a Lakwaja a 1891 ta haifar da ƙungiya, ƙungiyar ta tura ƙanensa Kano, zaman Kano kuma ya haifar da littafin waƙoƙi da nahawu da ƙamus da darasin Hausa a Kambirij. An kuma ga cewa abin da ya haɗa waɗannan matakai shi ne imanin gidan cewa mamaci zai tashi, aikinsa kuma amana ne. Begen ya ɗauke su ya kai su, amma amfanin da ya fito ya bambanta da wanda suka shuka dominsa: Kano ta ci gaba da addininta, harshenta kuwa ya shiga ɗakunan karatu na Turai. Darasin da ke nan ga ɗalibin Hausa shi ne kada ya karanci ƙamus kamar abin da ya faɗo daga sama. Kowane ƙamus yana da mai shi, da dalilin da ya sa shi aikin, da waɗanda suka ba shi kalmomin. Aikin da ya rage wa masu bincike shi ne gano malaman Kano da Zariya da suka zauna da Charles Robinson a 1894 da 1895, domin a rubuta sunayensu kusa da nasa.