Gyambon Kwanciya: Abin da Ya Kamata Ma'aikacin Jinya Ya Sani

Mai lafiya ko yana barci ba ya zama wuri guda, jikinsa na juyawa da kansa in wani sashe ya gaji. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko lakarsa ta taɓu a hatsarin mota, ko tsohon da ya karye a kwatangwalo, ba shi da wannan dama. Nauyinsa kan danne fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa ratsawa, nama ya fara mutuwa daga ciki, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i. Wannan shi ne gyambon kwanciya. Ya fi kama ƙasan gadon baya, diddige, kwatangwalo, idon sawu da ƙeya, kuma in ya yi zurfi har ƙashi yakan kai.

Tun 1859 Florence Nightingale ta ɗora alhakinsa kan jinya, ba kan cutar da ta kwantar da mutum ba. A 1944 likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu ciwon laka a Stoke Mandeville, Ingila, ya kafa doka a riƙa juya kowane marar lafiya bayan awa biyu, dare da rana. Masu irin wannan rauni, waɗanda a da gyambo da ciwon mafitsara ke kashewa, suka fara komawa gida.

Daga baya aka samu ma'aunin gane wanda ke cikin haɗari. Doreen Norton ta fitar da nata a 1962, Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka kawo nasu a 1987. Na Braden yana duba abu shida: jin zafi, damshin fata, tashi, motsi a gado, cin abinci, da gogayyar fata. Maki kan kama daga 6 zuwa 23, wanda ya samu 18 ko ƙasa da haka sai a sa masa ido.

To, ilimin yana nan, amma ya isa bakin gado? Wani bincike da aka buga a 2011 kan asibitocin Beljiyam ya gano cewa matsakaicin makin nas-nas a jarrabawar rigakafin gyambon kusan rabi ne kawai. A ƙasar da ke da katifun iska ke nan.

Babbar matsalar ita ce tsohon karatu da ya ƙi mutuwa. An daɗe ana koya wa ɗalibai su yi wa wurin da ya yi ja tausa, alhali murzawa na ƙara ɓarke naman da ya riga ya raunana. Haka zoben roba da ake ɗora marar lafiya a kai: yana tare jini a kewayen wurin. Abin da aka yarda da shi yanzu shi ne a karkata mutum kaɗan, kimanin digiri 30, a tokare shi da filo, kada ya kwanta kan ƙashin kwatangwalo. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa. In za a gyara masa kwanciya, a ɗaga shi, kada a ja shi. Fitsari da gumi a share su nan take, zanen gado kuma a miƙe shi sumul.

Akwai kuma abin da ya shafi baƙar fata musamman. Littattafai da yawa sun ce alamar farko ja ce wadda ba ta gushewa in an danna da yatsa, amma a jikin Bahaushe jan ba ya fitowa sosai. Dole nas ta sa hannu: wurin ya fi kewayensa zafi ko sanyi? Ya yi tauri? Ya yi duhu fiye da sauran fata? Wadda ta tsaya jiran ja, sai dai ta ga fata ta fashe.

A asibitocinmu kuwa 'yan'uwa ne ke kwana gefen gado, su ke yi wa marar lafiya wanka, su ba shi abinci. Nas guda ba ta iya juya mutanen ɗaki duka bayan kowace awa biyu, don haka wajibi ne ta nuna wa mai zaman jinya yadda ake juyi da inda ake dubawa, ta kuma gaya masa cewa ƙwai, wake, kifi da madara na cikin magani. Kafin sallama ma a sake nuna masa, domin a gida babu wanda zai zagayo da dare.