Shin 'Yan Mishan Sun Taɓa Zama Cikin Birnin Kano?

Wani mai karatu daga Dala ya aiko da tambaya. Ya ce in ya hau dutsen Dala ya duba birni, hasumiyoyin masallatai kawai yake gani cikin ganuwa, coci kuwa sai an fita Sabon Gari. Shin 'yan mishan ba su taɓa shigowa ba ne, alhali Turawa 'yan'uwansu sun yi mulki kusan shekara sittin?

Madalla da wannan tambaya, Malam. 'Yan mishan, wato masu barin ƙasarsu don yaɗa addinin Kirista, sun shigo Kano, har ma sun riga sojan Turawa. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS ya taso daga Ikko da mutum huɗu, cikinsu har da wani matashin likita, Walter Miller. Wasunsu sun koyi Hausa tun a Tarabulus, wurin fatake da alhazai. Suka sha doguwar tafiya, suka iso gaban Sarkin Kano Alu, suka nemi iznin zama su yi magani su koyar. Sarki bai yarda ba, ya ba su kwana uku su bar masa gari. Suka juya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya rasu.

Sai batun 'yan'uwantakar da ka ambata. Mutane da yawa sun ɗauka Baturen mulki da ɗan mishan bakinsu ɗaya, kuma ba laifinsu ba ne, tunda fata ɗaya, harshe ɗaya. Amma bukatunsu sun sha bamban. Bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba. Shi haraji da zaman lafiya yake so, ya kuma san wa'azi a Kasuwar Kurmi zai iya tayar da ƙura. Saboda haka razdanoni da kansu suka riƙa tare wa mishan hanyar biranen Musulmi. Ko Likita Miller, da ya samu zama cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya an fitar da makarantarsa zuwa Wusasa. Coci-cocin Sabon Gari kuwa, asalinsu na baƙi ne 'yan kudu, akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa waɗanda suka zo da addininsu.

Ƙofar da ta buɗe musu ita ce ta jinya. A shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi kula da masu kuturta a Yadakunya, a lokacin da dangi ma kan guji mai wannan ciwo. A 1943 ta buɗe asibitin ido, wanda yanzu ke hannun cocin ECWA. Ka je can da safe ka ga layi: tsoho riƙe da sanda, jikansa na ja masa gora, sun kwana a hanya daga Damagaram don a cire masa yanar ido. A ganina wannan aiki ya cancanci a faɗe shi da adalci, kamar yadda ya kamata a faɗi cewa Kanawa sun karɓi maganin, sun riƙe addininsu.

Ba a Kano kaɗai aka ga haka ba. Ɗan mishan Francis Xavier ya sauka Japan a 1549, aka samu mabiya, sannan mahukunta suka haramta addinin a 1614, ba a sassauta ba sai 1873. Yau Kiristocin ƙasar ba su fi kamar ɗaya cikin ɗari ba, amma jami'ar Sophia da asibitin St Luke da mishan suka kafa a Tokyo suna cikin waɗanda ake ji da su. Bambancin shi ne a Japan an zubar da jini sosai, a Kano kuwa sallamar baƙin aka yi, suka fita da ƙafafunsu.