Ƙarfen Da Ke Hana Bas Karkata

A ƙarƙashin gaban bas, irin Hiace ɗin da ke jigilar mutane daga Kano zuwa Kaduna, akwai wani dogon ƙarfe mai lanƙwasa a bakinsa biyu. Makanikai suna kiransa sitabilaiza. An ɗaure tsakiyarsa a jikin mota da robobi biyu, wato bushin. Bakinsa ɗaya yana haɗe da ƙafar dama, ɗayan da ƙafar hagu, ta wasu gajerun ƙarafa da ake kira linkeji.

Mene ne aikinsa?

Idan mota ta shiga kwanar hagu, nauyinta yakan koma dama. Gefen dama ya danne, na hagu ya ɗaga. A nan ƙarfen yake murɗewa, ya yi gardama, ya rage karkatar. A miƙaƙƙen titi mai kyau kuwa kusan hutawa yake yi. Shi ya sa wasu direbobi, in ya dame su da ƙara, sai su ce a cire, ai mota tana tafiya ba shi. Gaskiya ne tana tafiya. Amma ba don miƙaƙƙen titi aka sa shi ba.

Me ke faruwa in babu shi?

Bas doguwa ce a tsaye, ga fasinja, ga lodi a bisa. Ba ƙarfen nan, sai ta riƙa tangaɗi kamar kwale-kwale. In tirela ta gifta da gudu, iskarta ta ture ta. A kwana kuma tayoyin baya na iya riga na gaba sulɓewa, bayan motar ya juyo.

Babban haɗarin shi ne kaucewar gaggawa. Akuya ta faɗo titi, direba ya fizge sitiyari dama, ya maido hagu. Motar ta kwanta can, ta dawo nan da ƙarfin da ya fi na farko. Da haka bas take kifewa. A tuna, in gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ninkawa huɗu yake yi.

Alamun lalacewa

Za ka ji ƙara ƙwas-ƙwas daga gaba in ka hau gargada. Za ka ga motar ta fi karkata a kwana. Ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka leƙa. Duba robobin ko sun tsage. Kama linkeji ka girgiza. In yana wasa, ya mutu. Ko ɗaya ne ya tsinke, ƙarfen gaba ɗaya ya daina aiki.

Abin yi

Canza linkeji biyun tare, haka ma bushin. In ƙarfen kansa ne ya karye, kada a yi masa walda, domin wuta na kashe ƙwarinsa. A sayi wani.

In a hanya abin ya same ka, ɗaure sakakken bakin don kada ya taɓa taya ko tiyon birki. Sauke lodin bisa, ka tafi a hankali zuwa gareji mafi kusa. Taka birki kafin kwana, ba a cikinta ba. Dokar hanya ta Najeriya ta ba bas kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Wannan na lafiyayyar mota ne, ba mai ciwo ba.

Tambayoyi

1. A wane lokaci ƙarfen nan ke aiki?
2. Me ya sa ba a yi masa walda?

Malam direba, mutanen da ke bayanka amana ce a hannunka. Kada ka ɗauki fasinja sai ka gyara.